Wane Idon Kyamara Ya Dace da Furen Gonakin Wanke?

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya ratsa gonakin Wanke, a ƙasar Gusau, cikin watan Satumba, ya san yadda wake kan wayi gari da fure, wani fari wani ruwan shuni, ya buɗe tun da sanyin safiya sa'an nan ya rufe kafin azahar. Ya kuma san abin da kan faru a shekarar da ba a taki sa'a ba: ganye ya yi kore shar, yaɗo ya rufe ƙasa, amma furen ya yi ta kakkaɓewa yana zuba, a zo kaka babu abin kirki. Manomi ya ce wake ya zubar da hure, kamar yadda Zamfarawa ke furta kalmar, ya dangana. Sau da yawa kuwa mai laifin yana nan ɓoye cikin furen. Wani ɗan baƙin ƙwaro ne siriri wanda tsawonsa bai kai milimita 2 ba, malaman gona suna kiransa tirifs, yakan tsotse furen tun yana toho har ya bushe ya faɗi.

Ɗan wannan manomi shi ne zai wuce ta gefen gonar da littattafansa, ya isa aji, malamin ilmin halittu ya zana masa furen hibiskus a allo, ya kwafa, ya haddace sunayen sassansa da Turanci, ya ci jarrabawa ko ya faɗi, ba tare da ya taɓa leƙa cikin furen da ke ciyar da gidansu ba. Malamin ma yana da uzurinsa. Abubuwan da ke cikin fure ƙanana ne ƙwarai, kuma ko da an sami gilashin ƙara girma guda ɗaya, kafin layi ya zo kan ɗalibi na sittin furen ya yi yaushi, ƙwaron ya tsere. Hoto shi ne ke tsayar da abin, ya ƙara masa girma, a nuna wa aji gaba ɗaya, a kuma ajiye wa 'yan baya. Gani ya kori ji. Saboda haka tambayar wane irin idon kyamara za a saya domin ɗaukar fure daga kusa tambaya ce mai tushe, ko da yake wani zai ɗauke ta shagalin masu hannu da shuni. Ra'ayin wannan shafi shi ne a fara auna furen da abin da ake son gani a cikinsa, kafin a auna aljihu, kafin kuma a saurari mai kanti.

Ma'anar ɗaya bisa ɗaya

Idon kyamara shi ne jerin gilasan nan da ke gabanta, masu tattara haske su jefa siffar abu a kan fim, ko kuma, a kyamarorin yanzu, a kan wani ɗan faranti mai jin haske da ake kira sensa. Ido na yau da kullum an ƙera shi ne domin mutane da gine-gine, idan aka matsa da shi kusa da ƙaramin abu sai hoto ya yi dishi-dishi. Wanda aka ƙera musamman domin matsowa shi ne idon kusa. Akan rubuta masa Macro a jiki, kamfanin Nikon kuwa Micro yake rubutawa. Wani Bajamushe mai suna Heinz Kilfitt ne ya fara fitar da irinsa domin ƙananan kyamarori a shekarar 1955.

Ɗalibin da ya taɓa shiga jarrabawar gwaji ta ilmin halittu ya riga ya san ma'aunin da ake gwada wannan ido da shi. A can akan ce ya zana abu, ya raba tsawon zanen da tsawon abin, ya rubuta sakamakon a ƙasa. To, haka yake a kyamara: a raba tsawon siffar da ta faɗa kan sensa da tsawon abin na ainihi. Idan ƙwaro mai milimita 10 ya faɗa kan sensa da tsawon milimita 10, an sami 1:1 ke nan, wato ɗaya bisa ɗaya. Idan ya faɗa da milimita 5, an sami 1:2. Faɗin sensar kyamarori masu matsakaicin kuɗi kimanin milimita 23 ne, ta manya kuma milimita 36, daidai da tsohon fim. Ashe a 1:1, furen wake guda ɗaya, wanda faɗinsa ke tsakanin santimita 2 da 3, zai cika hoton maƙil.

Ga ɗan lissafi ga mai sha'awa. Sensa mai faɗin milimita 23.5 wadda ke da ɗigo 6,000 a jere tana da ɗigo kusan 255 a kowace milimita. Tirifs mai tsawon milimita 1.5 zai sami ɗigo kusan 380 a 1:1, abin da ya isa a ga kansa da ƙafafunsa da siffar fikafikansa. A 1:4 kuwa ɗigo 95 kawai zai samu, ya fito kamar guntun baƙin zare. A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin akwai idanun zum da yawa, masu jawo nesa kusa, waɗanda aka rubuta wa Macro a jiki alhali iyakarsu 1:4 ko 1:3, kaɗan daga ciki ne ke kai 1:2. Babu dokar da ta hana kamfani rubuta kalmar. Lambar ita ce shaida, kuma tana nan a jikin idon ko a takardarsa. Wanda ya biya kuɗi saboda kalma bai duba lamba ba, ya yi cinikin biri a sama.

A fara da furen

Sai dai ba kowane fure ke bukatar 1:1 ba, kuma wannan albishir ne ga makarantar da ba ta da hali. Hibiskus ɗin da littafi ke ta ambato yana da 'yan'uwa a bayan kowane gida daga Wanke har Tsafe da Bunguɗu: kuɓewa, da yakuwa, da rama, da auduga, duk danginsa ne. Sandar nan ta tsakiya mai ɗauke da sassan namiji, da kan sashen mace a bisanta, duk suna nan yadda aka zana a allo. Furen kuɓewa da na auduga manya ne, sun kai santimita 5 ko fiye. Idon nan na milimita 18 zuwa 55 da akan sayar tare da kyamara yana kai kusan 1:3, wato yana ɗaukar faɗin santimita 7, saboda haka ya wadatar a nuna yadda furen auduga kan buɗe fari-fari ruwan madara da safe, washegari ya koma ja-ja, sa'an nan ya faɗi. Ya kuma wadatar a bambanta furen kabewa namiji da mace, mai ɗan ƙullutun kabewa a gindinsa. Wanda duk bukatarsa ke nan, kada ya sayi kome.

Bukatar idon kusa tana farawa ne daga furen wake da na gyaɗa da na riɗi da na tafasa, ta ƙara tsanani idan aka zo ga hatsi. Mutane da yawa ba su ɗauki gero da dawa a matsayin masu fure ba, alhali bununin da ke zuba a jikin mai ratsa gona garin fure ne. A kan gero, fararen zarurruka na sashen mace su ke fara fitowa, bayan kwana biyu ko uku sassan namiji su biyo baya da bununi, hikimar da ke sa gero ya fi karɓar bununin maƙwabcinsa. Dawa kuwa takan fara fure daga saman zangarniya ta gangaro ƙasa, kuma a daidai wannan lokaci ne wani ɗan ƙuda ja-ja mai kimanin milimita 2 kan zo da hantsi ya saka ƙwai cikin furen, tsutsarsa ta shanye ƙwayar tun tana ruwa, a zo girbi a tarar da zangarniya ba tsaba. Waɗannan duka aikin 1:1 ne.

Akwai kuma iyakar da 1:1 ɗin ma ba ya ƙetarewa. Furen ƙuduji, wato wuta-wuta, kyansa kyan ɗan maciji ne, yana kuma ɗaukuwa cikin sauƙi. Amma ƙwayar irinsa kimanin sulusin milimita ce, tsiro guda kan zubar da dubun dubata, su yi shekara goma ko fiye a ƙasa suna jiran saiwar dawa ko gero. Wannan ƙwaya ɗigo 80 kacal za ta samu a 1:1. Aikin madubin likita ne, kuma kada a bari mai kanti ya ce idonsa zai yi.

Tazarar da ke tsakani

Bayan ma'aunin girma, abu na biyu shi ne lambar milimita da ke jikin ido: 40, 60, 90, 100, 105, 150 ko 180. Wannan ita ce tsawon ido, wato nisan da ke tsakanin gilashi da wurin da yake tattara hasken rana ya zama ɗigo, irin ɗigon da yara kan ƙona takarda da shi. Dukansu suna iya kai 1:1. Bambancinsu yana ga inda mai hoto zai tsaya.

Malamin fiziks ya riga ya koyar cewa idan aka ajiye abu a nisan da ya ninka tsawon gilashi sau biyu, wato a 2F, siffarsa kan fito a 2F na ɗaya ɓangaren, a juye, girmansu ɗaya. Wannan shi ne 1:1, ba ƙari ba ragi. Ke nan gilashi mai milimita 50 yana bukatar fure ya kasance a santimita 10 daga gare shi, mai milimita 100 kuma a santimita 20. A aikace tazarar ba ta kai haka, domin gangar idon ta cinye wani sashe, kuma idanun zamani sukan rage tsawonsu idan an matso. Daga bakin gilashi zuwa fure, mai milimita 40 yakan bar santimita 3 zuwa 5, mai 60 ya bar 5 zuwa 9, masu 90 zuwa 105 su bar 10 zuwa 15, mai 180 kuma kusan 25. A lura, lambar da kamfani ke rubutawa a kwali daga sensa ake auna ta, shi ya sa akan ga santimita 30 ko 31 ga ido mai milimita 100, alhali rabin wannan ne kawai ya rage a gaba.

Wanda bai taɓa durƙusawa cikin gonar wake da kyamara ba zai ɗauka santimita 5 da 14 duk ɗaya ne. A santimita 5 inuwar idon da ta mai hoto ta rufe furen, bakin gilashi yana taɓa ganyen da ke gefe yana girgiza reshen, raɓa tana shafar gilashin, ƙudan zuma kuwa tuni ya tashi. Ga tumfafiya ma akwai ƙarin dalili, domin farin ruwanta yana da haɗari ga idon mutum, bai kamata fuska ta matsa kusa da karyayyen reshenta ba. A santimita 14 akwai wurin da haske zai shiga, akwai wurin da za a riƙe farar takarda a maido da haske cikin furen, ƙwaro kuma yakan ci gaba da harkarsa. Masu milimita 150 da 180 sun fi ba da sarari, amma nauyi da tsada sun yi musu yawa, kuma ba su riƙuwa a hannu ba tare da rawa ba. Domin malam-buɗe-littafi da mazari aka yi su. Fure ba ya gudu.

Abin da kuɗi ba ya saye

Akwai wata wahala da ke jiran duk wanda ya sayi idon kusa, ko mai araha ko mai tsada, kuma gara a san da ita tun kafin a ce an sayi jabu. Idan aka matso kusa, kaurin wurin da ke fita tar a hoto yakan ƙanƙance ainun. A cikin kowane ido akwai ƙofar haske da ake buɗewa ko tsukewa, ana nuna ta da lambobi kamar f/2.8, f/8 da f/16. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon tsukewar ƙofa. A 1:1, a kan babbar sensa, f/2.8 yana ba da kaurin kimanin sulusin milimita, f/8 ya ba da milimita 1, f/16 ya ba da milimita 2, wanda bai wuce kaurin ƙwayar gero ba. A ƙaramar sensa bai ma kai haka ba. Furen wake kuwa daga bakinsa zuwa gindinsa ya fi santimita guda. Saboda haka dole mai hoto ya zaɓi abu ɗaya da yake son nunawa, ko ƙwaron ko kan sashen mace, ya bar sauran su dushe. Tsawon ido bai sauya wannan lissafi ba: a 1:1 mai milimita 60 da mai 180 kaurinsu ɗaya.

Mai karatu zai ce to a tsuke ƙofar har ƙarshe mana. Abu biyu ne ke hanawa. Na farko, haske yana da ɗabi'ar bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa, saboda haka daga f/16 zuwa sama hoton duka yakan fara laushi. Na biyu, a 1:1 gilashi ya yi nisa da sensa ninki biyu, hasken ya bazu a fili ninki huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa kowane ɗigo. Ƙarancin haske yana tilasta kyamara ta daɗe a buɗe, iska kuwa ba ta jiran kowa. Magani mafi sauƙi shi ne a ja da baya kaɗan: a 1:2, f/8 yana ba da kusan milimita 3, ninki uku na wancan. Sauran magani yana ga lokaci. Da sassafe iska takan kwanta, hasken yana da taushi, kuma a daidai lokacin ne wake da gyaɗa da kuɓewa ke buɗe. Idan rana ta take, wani ɗalibi ya riƙe farin ƙyalle tsakanin rana da furen.

Daga nan ake gane abubuwan da bai kamata makaranta ta biya kuɗi dominsu ba. Babbar ƙofa ta f/2.8 da ake tallatawa ba kasafai ake ɗaukar fure da ita ba. Na'urar saita gani da kanta takan rikice a kusa, ta kama ganyen baya ta saki ƙwaron. Gwanaye da hannu suke saitawa, sa'an nan su ɗan matsa gaba ko baya da jikinsu har abin ya fito. Na'urar hana rawar hannu kuma amfaninta yana raguwa idan an matso, kuma ba ta da iko a kan iska. Tsohon ido na hannu wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, muddin gilashinsa lafiya lau ne, zai ɗauki furen wake yadda sabo zai ɗauka. Kuɗin da aka tsimi a sa shi a sanda mai ƙafa uku.

Hanyoyin mai ƙaramin ƙarfi

Wani malamin zane a Barlin mai suna Karl Blossfeldt ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan tsirrai da kyamarar da ya harhaɗa da kansa, wadda ke ƙara girma har sau 30. Yawancin tsirran ciyayi ne na bakin hanya, kuma domin koyar da ɗalibansa ya ɗauke su. Da aka buga su a littafi a 1928 sai suka zama abin kallo a duniya. Malamin Wanke yana da hanyoyin da suka fi na Blossfeldt sauƙi.

Ɗaya ita ce zoben ƙari, wato bututu marar gilashi da ake sawa tsakanin ido da kyamara domin a nisanta su. Lissafinsa a fili yake: a raba tsawon zoben da tsawon idon. Zobe mai milimita 25 a bayan ido mai 50 ya ba da 1:2, mai milimita 50 ya ba da 1:1. Sai dai a nemi mai ƙarafan lantarki a jiki, domin idanun zamani da yawa ba sa tsuke ƙofarsu sai da umarnin kyamara. Illarsa ita ce yawan cirewa da mayarwa, kuma duk cirewa ƙofa ce ga ƙura. Wanda ya san hunturun Gusau ya san ma'anar wannan.

Saboda haka gilashin ɗaurawa ya fi dacewa da ƙasar nan. Shi a gaban ido ake maƙala shi, tamkar tabarau, ba a buɗe cikin kyamara. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin da ake auna tabarau: mai lamba +2 yana gani a santimita 50, mai +8 a santimita 12 da rabi, mai +10 a santimita 10. Raynox DCR-250, alal misali, +8 ne. Idan aka ɗaura shi a kan zum aka saita a milimita 125 an sami 1:1, da tazarar da ta kusa ta ido mai milimita 100, a kan kuɗin da bai kama ƙafar nasa ba. Sharaɗi guda ne: a nemi mai gilashi biyu ko uku a haɗe. Mai falle ɗaya yakan sa wa gefen farin fure bakan gizo.

Wayar hannu fa? Ƙanƙantar sensarta alheri ce a nan, domin tana ba da kauri fiye da babbar kyamara. Ƙaramin idon kusa mai ɗigo miliyan 2 da ake jerawa a bayan wayoyi masu araha yawanci ado ne, hotonsa ba ya jure a ƙara masa girma. Ya fi kyau a yi amfani da babban idon wayar, a maƙala masa ɗan gilashin matsewa, ko kuma a riƙe gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 a manne da shi. Za a matsa har santimita 2 ko 3, gefen hoton zai dushe, ƙudan zuma ba zai tsaya ba. Amma idan aka karkaɗe furen wake a kan farar takarda, tirifs za su fito a ƙirga su.

Wa zai sayi me

Za a ce makarantar da ba ta da isassun kujeru ina ita ina kyamara, balle a yankin da ke fama da 'yan bindiga. Magana ce mai nauyi. Wanke da ƙauyukanta, kamar sassan Tsafe da Bunguɗu, sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma tun bayan sace ɗalibai mata a Jangebe cikin Fabrairun 2021 da rufe makarantu da aka yi a jihar a wannan shekara, babu malami mai hankali da zai kwashi yara zuwa daji neman fure. Amma wannan dalili ne na idon kusa, domin shi kaɗai ne reshen ɗaukar hoto da kunya biyu ta wake a bayan aji ke isarsa aikin zango guda. Da rani ga tumfafiya a jikin katanga, ga mangwaro da darbejiya da zogale.

Amfanin kuma bai tsaya ga jarrabawa ba. A 2019 aka amince da irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar domin ya jure tsutsar maruka mai huda fure da kwanso. Jurewar tasa ba ta shafi tirifs ba. Manomin da bai bambanta su ba zai ga fure na zuba ya ce an cuce shi a iri, ko ya yi ta feshi ba bisa ƙa'ida ba. Tsutsar maruka fara-fara ce mai baƙaƙen ɗigo a baya, tana saƙa fure da zare tana barin kashinta a bakin ramin; tirifs baƙi ne mai sheƙi, 'ya'yansa ruwan lemo. Hoto biyu a wayar ɗansa sun raba gardamar. Haka kuma sunayen tsirrai: likitan nan J. M. Dalziel ya tattara na Hausa ya buga tun 1916, amma suna guda kan hau tsiro biyu daga gari zuwa gari, kuma tsofaffin da suka san su suna ƙarewa. Hoton fure tare da sunan da dattijon Wanke ya ba shi, da ranar ɗauka, da wurin, taska ce ga masu bincike.

Bisa wannan, makarantar da ba ta da kyamara kada ta fara da kyamara. Ta sayi gilasan hannu masu ƙara girma sau 10, gwargwadon yadda kowane benci zai sami guda, ta haɗa da wayar malami. Ƙungiyar kimiyya da ta gaji kyamara da zum ta ƙara gilashin ɗaurawa mai kyau. Ido mai milimita 60 ya dace da ɗakin gwaji, inda aka tsinko fure aka yanka shi biyu a kan tebur, babu iska babu inuwa. Ido na sosai mai milimita 90 zuwa 105 mai kai 1:1, irin su Tamron 90, wanda asalinsa ya fito tun 1979, ko Canon 100 ko Nikon 105, shi ne zaɓin gona, kuma nauyin sayensa ya fi dacewa da manyan makarantu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke garin, su ne ya kamata su mallaki irinsa, ɗalibansu masu koyon koyarwa su riƙa fita da shi, hotunan su koma hannun malaman sakandare kyauta.

Mai sayen na hannu ya tafi da kyamararsa, domin bakin Canon ba ya shiga Nikon, na Sony ma daban ne. Ya buɗe ƙofar idon duka ya haska tocila ta baya: ƴar ƙura ba kome, amma farin abu mai rassa kamar saƙar gizo naman gwari ne da laimar damina ke haifarwa, yana cin gilashi, a bar shi. Ya tsuke ƙofar ya ga ko ganyayenta suna motsi ba maiƙo. Sa'an nan ya ɗauki hoton rula a mafi kusancin da idon ke iyawa, ya ƙirga milimita nawa suka cika faɗin hoton. Idan 23 ne ko kusa a matsakaiciyar kyamara, 1:1 ne na gaskiya. In da hali a zaɓi wanda gangarsa ba ta tsawo idan ana saitawa, domin bai cika zuƙar ƙura ba.

Aikin farko da za a ba ƙungiyar kimiyya bai bukaci fita ko ƙofar makaranta ba. A shuka gyaɗa a tsohon bokiti. Furenta rawaya kan buɗe da fitowar rana ya yi yaushi a ranar, kuma abin da ake zaton kara ne a ƙarƙashinsa dogon bututu ne, mahaifar tana can gindi a hammatar ganye. Cikin mako guda wata 'yar tsinka mai kaifin baki za ta fito daga wurin, ta sunkuya, ta nufi ƙasa ta shige, a can ne bakinta zai kwanta ya kumbura ya zama gyaɗa. Wannan ne ya sa manomi ke jingine fartanya idan gyaɗa ta fara sakin tsinke, ya koma cire ciyawa da hannu. A ɗauki hoto guda kowace safiya a 1:2, da rula a gefe, a rubuta kwanan wata. Hotunan mako na uku sai an tone ƙasar a hankali da tsinken tsintsiya kafin a ɗauke su.